Yadda ake zaman sulhu, tun daga neman mai shiga tsakani har sa hannu a takarda

Yawancin mu idan rigima ta haɗa mu da wani hanya biyu kawai muka sani, ko dai mutum ya haɗiye abin ya ce ya bar wa Allah alhali zuciyarsa na tafasa, ko kuma ya zarce caji ofis ko kotu a fara kashe kuɗin mota da na lauya ana ɗaga shari'a wata bayan wata. Toh akwai hanya ta uku, wato sulhu, kowa ya san sunanta amma gaskiya ba kowa ya san yadda ake yin ta daidai ba, shi ya sa za ka ga an zauna an tashi an ce an sasanta, bayan sati biyu maganar ta dawo sabuwa fil har ta fi ta farko zafi.

Abu na farko da nake so kowa ya riƙe shi ne mai sulhu ba alƙali ba ne. Ba shi da ikon cewa kai ne mai gaskiya kai ne mai laifi, biya kaza. Aikinsa ya zaunar da ku, ya sa kowa ya ji ɗan'uwansa, ya taimaka ku da kanku ku fito da abin da za ku iya ɗauka. Idan ba ka yarda ba babu wanda zai ɗaure ka, ƙofar kotu tana nan a buɗe. Wannan ya sha bamban da inda mutum biyu za su naɗa wani su ce duk abin da ka yanke mun yarda, wancan hukunci ne kuka ba shi a hannu, kuma in ya yanke ya zauna a kanku. A sulhu kuwa maganar ƙarshe taku ce.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Suratun Nisa'i aya ta 128 Allah ya ce sulhu alheri ne, a aya ta 35 kuma ya ce in an ji tsoron ɓaraka tsakanin miji da mata a ɗauko mutum ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta. A al'ada ma tun kafin zuwan Turawa magana daga gida take tashi ta je wurin mai unguwa, ta wuce dagaci, ta wuce hakimi, kafin ta kai fada. Yanzu hukuma ma ta shigo ciki, kotuna sun buɗe cibiyoyin sasanci a cikin harabarsu, Legas ta fara a 2002, Abuja ta biyo a 2003, Kano ta buɗe nata a 2009 ƙarƙashin babbar kotun jiha, sannan a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar tarayya ta sasanci wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1988.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe don abin ya fi fitowa. A ce wani Alhaji ya sayi adaidaita sahu ya ba wani matashi, suka yi da baki cewa zai riƙa kawo dubu 80 duk sati har ya cika miliyan 4, daga nan keken ya zama nasa. Yaro ya yi sati 30 yana kawowa ba fashi, kaga ya biya miliyan 2 da dubu 400 kenan, sai inji ya buga, keke ya kwanta a gareji, gyara ya ci dubu 300, sati biyar bai kawo ko sisi ba kuma ya daina ɗaga wayar Alhaji. Alhaji ya fusata ya aika aka ɗauko keken daga wurin bakanike ya kulle a gida ya ce yarjejeniya ta rushe, kuɗin da aka biya a baya kuɗin haya ne. Yaro kuma yana cewa wallahi sai dai a ba shi kekensa ko a dawo masa da kuɗinsa kaf.

Kafin komai ka tambayi kanka, wannan maganar ta sulhu ce? Bashi, haya, iyakar gona ko fili, jari tsakanin abokai, saɓanin maƙwabta kan kwata ko katanga, rikicin aure, ɓarnar dabbobi a gona, duk waɗannan sulhu na yi musu kyau sosai musamman in mutanen za su ci gaba da ganin juna a masallaci da kasuwa da wurin biki. Amma fyaɗe, cin zarafin yara, fashi, kisa, dukan da ya kai ga rauni, dan Allah kar a kai su zaure a ce a rufa asiri. Wannan na hukuma ne da asibiti, kuma duk dattijon da ya danne irin wannan da sunan sasanci ya cuci wanda aka zalunta ya kuma bar mai laifin ya je ya sake. Hadisi ma ya faɗa ƙarara, sulhu ya halatta tsakanin musulmi sai dai sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal.

Sai zaɓen wanda zai shiga tsakani, kuma nan ne rabin aikin yake. Ba wai wanda ya fi kowa girma ko kuɗi ba, a'a, wanda ku biyun kuka yarda da shi, wanda ba shi da wata riba a cikin maganar, mai riƙe sirri, kuma wanda ya san harkar. A misalinmu shugaban ƙungiyar 'yan adaidaita na tashar ya fi sanin yadda ake irin wannan ciniki da abin da aka saba yi in inji ya buga, amma in Alhaji yana ganin zai karkata wurin ɗan ƙungiyarsa sai a haɗa shi da limamin unguwa ko mai unguwa su zama biyu. Rigimar kasuwa shugabannin layi ko na kasuwar, ta aure iyaye da waliyyai tukuna, in ta gagara a Kano mutane da yawa Hisbah suke zuwa. In kuma kuɗin da yawa ko akwai kamfani a ciki ko kana son takarda mai ƙarfi, je cibiyar sasanci ta kotu, ba sai ka shigar da ƙara ba tukuna, kana iya zuwa da ƙafarka ka cike fom su gayyato ɗayan, wani lokacin kuma alƙali ne da kansa zai turo shari'ar da ke gabansa can. A Nijar sarakunan gargajiya doka ce ta ba su ikon sasanta mutane kan al'amuran al'ada da na gonaki, kuma ana rubuta takardar abin da aka cimma ko aka kasa cimmawa.

Gayyata ma tana da salo. Kar kai da kake rigimar ka kira ɗayan ka ce ka zo gobe na kai ƙararka wurin mai unguwa, da jin haka zai zo da shirin faɗa ko ma ya ƙi zuwa. Ka bar mai sulhun ya neme shi da kansa ya ce wane ya zo mini da magana, ina so in ji ta bakinka kafin mu zauna. A zaɓi wurin da ba gidan ɗayanku ba, kuma ba bakin titi inda 'yan kallo za su taru ba, don mutum in yana gaban jama'a ba zai taɓa sassautowa ba ko da ya san bai da gaskiya.

Kafin ranar ka yi shiri. Tattaro duk abin da kake da shi, rasit, alat na banki, saƙonnin WhatsApp, muryoyin da aka tura, littafin da ake rubuta biya, sunan wanda yake wurin ranar da aka ƙulla maganar. Sannan ka zauna kai kaɗai ka amsa wa kanka tambaya uku tsakani da Allah, me nake so, mene ne mafi ƙarancin abin da zan iya karɓa in yi barci, kuma in zaman nan ya watse me zai faru da ni. Ta ukun nan ita ce mutane ba sa so su kalla. Yaron nan in ya tafi kotu ba takarda a hannunsa, keken yana kulle, ba ya samun na cefane, wata nawa zai iya jurewa? Shi ma Alhaji keke a ajiye ba ya kawo komai sai lalacewa, ga shi alat 30 na nan a wayar yaro suna nuna ba haya ba ce zalla. Duk wanda ya yi wannan lissafin kafin ya zo, zai zo da kunnen saurare.

Kuma a tabbatar wanda zai zauna shi ne mai iya cewa na yarda. Sau da yawa sai an gama wahala an kai ƙarshe sannan mutum ya ce toh bari in je in gaya wa yayana, ai kuɗin nasa ne. In akwai irin wannan yayan a zo da shi tun farko. Amma kar a kwaso gayya, mutum ɗaya ko biyu kowane ɓangare ya isa, don 'yan rakiya su ne suka fi masu rigimar zafi.

Ranar zama mai sulhu zai buɗe da addu'a ya faɗi ƙa'ida, ba katse magana, ba zagi, ba ɗaukar murya a waya a ɓoye, abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Wannan sirrin yana da muhimmanci ƙwarai, dokar 2023 ɗin ma ta tanadi cewa tayin da mutum ya yi ko abin da ya amsa a zaman sasanci ba a ɗaukarsa a kai kotu a matsayin hujja a kansa, saboda in ba haka ba babu wanda zai yarda ya buɗe baki. Daga nan kowa ya yi bayaninsa har ya gama. A bar mutum ya fitar da abin da ke cinsa ko da ya ɗan ɗaga murya, in dai bai yi zagi ba. Mai sulhu nagari ba ya gaggawar cewa ya isa, yana saurare ne yana tsintar abin da ke ƙarƙashin maganar, sai ya maimaita wa mutum abin da ya ji da lafazi mai sanyi.

Misali Alhaji ya ce, “Ranka ya daɗe yaron nan ɗan gidana ne, ni na ɗauko shi ba wanda ya tsaya masa, amma sati biyar ina kira yana kashe waya, ni zai mayar mutumin banza?” Sai mai unguwa ya ce, “Wato Alhaji in na fahimce ka, rashin kuɗin bai kai rashin ɗaga wayar ciwo ba.” Ya juya wurin yaro, “Kai kuma ɗana me ya hana ka zuwa ka faɗa masa?” Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba kunya ce wallahi, na ci bashi na kai wa bakanike, ban san da wane ido zan kalli Alhaji ba hannu rabbana.” Kaga a nan maganar ta riga ta sauya, ɗaya yana ganin raini ne ashe ɗayan kunya ce ta ɓoye shi. Kotu ba ta da lokacin tono irin wannan, ita takarda da shaida take nema.

Bayan an ji kowa sai a rarrabe maganar gida gida, kar a bar ta a dunƙule. A nan abu huɗu ne, wa zai ɗauki kuɗin gyara, yaya za a yi da dubu 400 na sati biyar ɗin da ba a biya ba, keken zai koma hannun yaro ko a'a, sannan in irin haka ta sake faruwa me za a yi. A fara da mai sauƙi, don in aka samu abu ɗaya da aka yarda a kai zukata suna yin laushi.

In aka cije, mai sulhu ya raba su ya gana da kowa shi kaɗai. Wannan dabarar tana aiki fiye da yadda ake zato. A keɓe ne Alhaji zai iya cewa shi ma bashin banki ne a kansa shi ya sa ya matsa, a keɓe ne yaro zai ce gaskiya dubu 80 ta yi masa yawa tunda mai ya yi tsada. Kuma a keɓe ne mai sulhu zai iya gaya wa mutum gaskiya mai ɗaci ba tare da ya kunyata shi ba, ya ce Alhaji in aka je gaban alƙali da alat ɗin nan kana ganin za a ce duk haya ce? Sharaɗi ɗaya ne, duk abin da aka faɗa maka a keɓe ba ka kai wa ɗayan sai da izinin mai maganar. Mai sulhun da ya zama ɗan kai-komo da gulma ya gama rusa zaman.

Wajen tayi kuwa akwai abin koyi a ƙissar Ka'abu ɗan Malik da ke cikin Bukhari da Muslim. Yana bin Ibn Abi Hadrad bashi, ya tare shi a masallaci har muryoyinsu suka tashi, Annabi (SAW) ya ji daga ɗakinsa ya ɗaga labule ya kira Ka'abu ya yi masa nuni da hannu cewa ya yafe rabi, Ka'abu ya ce na yi ya Manzon Allah, sai ya ce wa ɗayan tashi ka biya shi. A lura da kyau, ba a ce wa mai bin bashi ya yafe kawai a tashi ba, an ce wa wanda ake bi ya tashi ya biya nan take. Kowa ya saki wani abu kowa ya samu wani abu.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da ya fi damuna da irin sulhun da muke yi a unguwanni. Sai a tara mutane, a yi wa'azi, a juya wurin wanda ya fi rauni, talaka ko mace ko ƙaramin yaro, a ce kai dai ka yi haƙuri, ai babba ne, ai mijinki ne, a yi fatiha a watse, ba a taɓa haƙƙin ba ko da kalma ɗaya. Wannan kamar ɗaure miki ne da tsumma ba a wanke shi ba, daga waje an rufe amma ciki yana ruɓewa. Haƙuri abu ne mai girma, amma sai mutum ya san haƙƙinsa an faɗa a gabansa an tabbatar masa, sannan in ya ga dama ya yafe da ransa. Wanda aka yi wa taron dangi ya yi shiru don kunyar manya bai yafe ba, kuma Allah ya sani bai yafe ba. In kai ne ake matsa wa, kana da damar cewa a ba ni kwana biyu in yi shawara, babu rashin kunya a ciki. In kai ne mai sulhu kuma ka ga ɗaya ya yi tsit yana gyaɗa kai kawai, tsaya ka ja shi gefe ka tambaye shi.

A rikicin aure a bar matar ta yi magana da bakinta, kar waliyyi ya amsa mata komai, in tana jin nauyin maza a samu dattijuwa ta zauna da ita. A rabon gado kuma a fara fitar da rabon kowa yadda shari'a ta tsara a wurin malamin da ya san fannin, bayan kowa ya san nasa sannan a yi maganar wa zai bar wa wa, ko wa zai sayi kason wa a gida. Kason maraya ƙarami kuwa babu mai ikon yafe shi a madadinsa. Ɓarnar gona a je a gani da ido da wuri tare da wakilin manoma da ardo kafin sawu ya ɓace, a ƙiyasta a wurin.

Mu koma kan kekenmu. A ce an daidaita a kan kuɗin gyara a raba biyu, Alhaji ya ɗauki dubu 150 a cire daga abin da ya rage, wato miliyan 1 da dubu 600 ya koma miliyan 1 da dubu 450, sati biyar ɗin a tura su ƙarshe, biya ya sauko dubu 60 na wata biyu sannan ya koma yadda yake, keke ya koma hannun yaro gobe. Kar a ce tunda ya makara a ɗora masa wani abu a kan bashin, wannan kuɗin ruwa ne, ya fita daga sulhun da ya halatta.

Toh yanzu a rubuta, a ranar, kafin kowa ya tashi. Kar ka yarda da ai mun yarda da juna, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Takardar ta ƙunshi cikakken sunan kowa, abin da aka yi rigima a kai a taƙaice, nawa za a biya da lamba da kuma harafi, wace rana, ta wace hanya, a wane asusu, da abin da zai faru in wani ya saɓa. Kalmomi irin su nan ba da jimawa ba, ko in Allah ya hore, su ne suke dawo da rigima, a sa kwanan wata. A misalinmu har a rubuta cewa in keke ya lalace yaro zai sanar cikin kwana biyu, kuma Alhaji ba zai ɗauke keke ba sai an koma wurin mai unguwa. A rubuta da harshen da kowa ke ji, a karanta da ƙarfi, wanda bai iya karatu ba wani nasa ya karanta masa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su sa, kowa ya tafi da kwafinsa ya kuma ɗauke ta hoto a waya.

In maganar babba ce kamar fili ko gida ko kuɗi masu nauyi, a ƙara mataki ɗaya, a kai takardar kotu alƙali ya amince da ita ta zama hukuncin da aka yi bisa yardar juna. Amfaninsa shi ne in ɗaya ya karya, ba sabuwar shari'a za ka faro daga tushe ba, zartarwa kawai za ka nema. A cibiyoyin sasanci na kotu wannan yana cikin tsarinsu, ka tambaya tun ranar farko. Kafin ka sa hannu a irin wannan babu laifi ka nuna wa lauya ko malami ya duba maka.

Idan kuma an zauna sau ɗaya ba a gama ba, ba faɗuwa ba ce, a sa wata rana kusa kar a bari ta yi nisa. Wani lokacin abu uku za a warware ɗaya ya gagara, a rubuta ukun a tafi da ɗayan gaba. In ka lura ɗayan yana amfani da zaman ne kawai yana jan lokaci, yau ba shi da lafiya gobe ya yi tafiya, ko yana sayar da abin da ake rigima a kai ta bayan fage, ka sanar da mai sulhu ka janye a rubuce, ka nemi lauya da wuri, don wasu ƙararrakin suna da wa'adin da in ya wuce kotu ba za ta saurare su ba. Ka karɓi takardunka na asali, ka bar musu kwafi kawai.